Sulallan da Nake Kifawa

Idan ka tambayi kowa a layinmu inda ake duba tsofaffin kuɗin azurfa, ba zai tsaya kwatanta maka shago ba, cewa zai yi ka je wurin Mai Kunne. Babana ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a kujera ɗaya, a bayan kanta ɗaya, da wani baƙin dutse mai santsi a gabansa. A kawo masa ƙwandala, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya sake ta a kan dutsen, ya runtse ido, ya karkatar da kai yana sauraron amonta. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Ta ƙwarai ce," ko kuma ya ce, "Wannan dalma ce aka yi wa wanka." Daga nan magana ta ƙare, babu inda za ka kai ƙara.

Mutane kuwa ba su bar labarinsa haka nan ba, sai da suka zuba masa gishiri son ransu. Wai yana jin shekarar da aka buga kuɗi a cikin amonsa. Wai ya taɓa gane jabu daga aljihun wani mutum da ke wucewa ta ƙofar shago. Baba bai taɓa cewa an yi haka ba, bai kuma taɓa cewa ba a yi ba. Murmushi kawai yake yi ya shafa gemu.

Abin da ba su sani ba shi ne, shekara shida ke nan Baba ba ya jin ko ƙarar rufe ƙofa. Ni kaɗai na sani. Kuma da sunan nan na Mai Kunne muke ci. Shi ne a allon shago, shi ne a jikin hatimin da ake buga wa takardar shaida, shi ne abin da tsohon ke tashi da safe dominsa. Na daɗe da sa wa raina cewa ranar da aka ji kunnen ya mutu, ba shagon kaɗai za mu rasa ba, har da mai shi.

Ni wurina a bayan labule yake. Wani ɗan tsukin ɗaki ne, in ka buɗe hannuwa ka taɓa bango da bango. Akwai tebur, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da sikeli, da maganaɗisu, da ɗan ƙarfen awon kauri, da gilashin da nake maƙalawa a ido, da littattafai uku da suka sha hannu har bangonsu ya rabu. Shekara goma sha tara ina cikinsa. Ina cikinsa na yi aure, ina cikinsa na yaye 'ya'ya biyu, ina cikinsa furfura ta fara leƙo ni. Idan aka kawo kaya, Baba yakan ce, "Bari yarinya ta share musu ƙura." Ni ce yarinyar, shekarata arba'in da ɗaya.

Sharar ƙurar kuwa ita ce aikin gaba ɗaya. In ɗora kowace ƙwandala a sikeli, in auna faɗinta da kaurinta, in kanga mata maganaɗisu, in bi haƙoran gefenta da gilashi ina neman layin da zubi ke bari. Ta ƙwarai bugawa aka yi, rubutunta a tsaye yake ƙyam. Ta jabu yawanci zubawa ake yi, sai ka ga haruffan sun yi luɓus kamar sabulun da ya kwana a ruwa. In na gama, sai in jera su a faranti mai shimfiɗar koren ƙyalle. Wadda na yarda da ita, in bar kan sarkin da ke jikinta yana kallon sama. Wadda ban yarda da ita ba, in kifa ta. Haka aka koya min tun ranar farko, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka dai don Baba ya ƙara kasa kunne a kansu ne.

Shekara goma sha uku ina ji da kaina, wai ni ce wadda sikelinta bai taɓa saɓa wa kunnen Mai Kunne ba. Sai wata rana butar shayi ta suɓuce min a bayansa, ta yi ƙarar da har maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya leƙo. Baba ko gezau. Washegari na gwada shi da wata jabu da muke ajiyewa a aljihun tebur, wadda amonta bai fi na marfin kwalba ba. Na bar ta fuska sama. Ya sake ta a dutse, ya runtse ido, ya ce, "Kai, Allah ya yi azurfa a nan." Ashe faranti yake dubawa, ba amo yake ji ba. Na koma bayan labule na toshe baki na yi kuka mai isata. Tun ranar ban ƙara yi masa magana ta baya ba. Nakan zagayo gabansa in buɗe baki sosai, ya kalli leɓɓana ya amsa kamar ba komai. Abokan ciniki ba sa ba shi wuya, don tambayarsu ɗaya ce tun da aka halicce su: nawa za ta yi? Bai ce min komai ba, ban ce masa komai ba, muka ci gaba.

Su ma abokan cinikin sai a hankali. Mutum zai tono ƙwandalar kakarsa a ƙasan akwati, ya kwana yana dirzar ta da man goge baki da soson ƙarfe har ta riƙa ɗaukar ido, ya kawo yana washe baki, a zatonsa taimaka mana ya yi. Bai san baƙin tsufan nan da ya kankare shi ne rabin darajarta ba. Darajar tsohuwar ƙwandala tana ga shekarar da aka buga ta, da yawan 'yan uwanta da suka rage a duniya, da yadda hannaye suka cinye ta. Amma je ka faɗa wa wanda ya riga ya zaɓi fentin gidan da zai saya da ita tun a hanya.

Sai kuma ƙanena, Auta. Auta ya yi karatun kasuwanci, ya dawo ya buga wa kansa kati mai ruwan zinariya, ya rubuta Manaja a ƙarƙashin sunansa, alhali ma'aikatan shagon daga ni sai tsintsiya. Gudummawarsa ta farko ga sana'ar ita ce wata jakar sulalla da ya sayo ta waya daga wani wai shi magajin wani attajiri. Ya zazzage su a teburina yana cewa, "Yaya, yau mun haye." Na kanga musu maganaɗisu, suka taso gaba ɗaya suka manne kamar ƙusoshi. Ya ce wataƙila maganaɗisun ne ya yi ƙarfi da yawa.

Wannan Autan ne Baba ya ce zai bar wa kujera. Ya faɗa ne muna cin abinci a gidansa, ina tsaye ina zuba masa ƙari. Ya ce tsufa ya zo, kuma ya lura yaron ya gado kunnensa. Na ci gaba da zubawa har ya ɗaga hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma wani tsoro ya danne ɓacin ran. Auta bai san maganar faranti ba, bai san Baba ba ya ji ba. Shi a tunaninsa tsohon ya fara share mutane ne saboda girma.

Auta ya sa ranar miƙa kujera ta zo daidai da wani babban aiki. Wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, mai tara tsofaffin kuɗi a akwatunan gilashi, yana son sayen sulalla tara daga hannun wani dillali, ya ce ba zai biya ba sai Mai Kunne ya ji su ya buga hatimi. Auta ya ce wannan ne aikin Baba na ƙarshe, dole duniya ta gani. Ya sayo ƙarfe mai ƙafa uku ya ɗora wayarsa, ya kafa shi a ɗan lungun da nake bi in zagaya gaban kanta, ya kawo wata fitila mai zobe ya haske fuskar Baba. Ya kuma ce da ni, "Yaya, don Allah yau kar ki fito. Ba wai wani abu ba, hoton ne ba zai ɗauki mutum uku ba."

Suka iso da hantsi. Alƙalin dogo ne siriri, da sanda, yana magana a hankali kamar kowace kalma sai an rubuta ta. Dillalin kuwa ƙato ne mai turare, tun daga ƙofa ya fara rantsuwa ba wanda ya tambaye shi. Ya buɗe 'yar jakar fata, aka zuba sulallan, Baba ya ce yarinya ta share musu ƙura.

Shida lafiya lau suke, har na ji daɗin riƙe su. Biyu kuwa, sikeli ya nuna kowace ta gaza da kusan giram guda. Da na sa gilashi, sai ga wani ɗan rami a ƙarƙashin haɓar sarki, a wuri ɗaya, girma ɗaya, a jikin dukansu biyun. Sulalla biyu ba sa faɗuwa su ji ciwo iri ɗaya. Daga uwa ɗaya aka kwafe su aka zuba.

Ta tara ita ce amaryar, ita ce alƙalin ya zo dominta, don darajarta ta ninka sauran takwas a haɗe. Shekarar da ke jikinta shekara ce da aka buga kaɗan ƙwarai. Nauyinta daidai, kaurinta daidai, azurfa ce tsantsa, in ka buga ta sai amo ya zagaye ɗaki. Na kusa barin ta fuska sama. Sai na lura lambar ƙarshe ta shekarar ta ɗan fi 'yan uwanta ƙiba. Na lanƙwaso fitila, na karkata ta, sai ga sawun kayan aiki siriri kamar gashi. Uku ce aka rufe mata baki aka mai da ita takwas, aka shafa wani baƙi a wurin don ya yi kama da tsufa. Ƙwandala ce ta ƙwarai, amma ta shekarar da ake samu a kowace kasuwa. Wanda ya yi aikin gwani ne, na yaba masa a raina, na kifa ta.

Auta ya ɗaga labule ya karɓi farantin. Na zauna na sauke numfashi, na fara mai da gilashi cikin gidansa.

Na ji ta farko ta faɗi a dutse. "Ta ƙwarai ce." Ta biyu, haka. Ta uku ta faɗi da wani amo gajere, ƙwas, wanda ko mai gyaran agogo ta bango zai gane. Na dakata ina jiran a ambaci dalma.

"Ta ƙwarai ce," in ji Baba.

Na miƙe. Na leƙa ta gefen labule. Sulallan nan suna jere reras a kan koren ƙyalle, sarakuna duk suna kallon sama. Auta ne. Ya ga wasu a kife, ya ga ba za su yi kyau a hoto ba, ya gyara min aiki. Yana tsaye kusa da wayarsa yana gyaɗa kai a kan kowane amo, irin na wanda shi ma ya ji.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Da ya zo kan amaryar, ya buga ta har sau uku, ya daɗe ido rufe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko ni sau biyu na taɓa jin irinta. Ka ji shekarar nan yadda take fita?" Alƙali ya ce lallai ya ji wani abu. Dillali ya ɗaga hannu sama ya ce ai ya faɗa, shi bai taɓa cin haram ba ko da mantuwa.

Auta ya shimfiɗa takardar shaida. Baba ya buɗe aljihun kanta ya ciro hatimi.

Na tsaya riƙe da labule. In na yi shiru, hatimin Mai Kunne zai hau kan jabu uku, kuma irin alƙalin nan ba ya ajiye kaya bai nuna wa masana ba. Ko ba jima ko ba daɗe sai maganar ta dawo. In zagaya gabansa kuwa, ƙarfen Auta ya tare hanya, Auta kansa yana yi min alama da hannu in koma. Ban yi wani dogon tunani ba. Na manta da dokar da na kafa wa kaina shekara shida.

Na ce, "Baba."

Alƙali ya ɗago. Dillali ya ɗago.

Na ce, "Baba, dakata, kar ka buga."

Baba yana danna hatimi a cikin tawada, yana murmushi, yana ba alƙali labarin wani bature da ya taɓa zuwa gwada shi. Tsakanina da ƙeyarsa bai kai taku biyu ba.

Auta ya ce, "Yaya, muna ɗauka fa!"

Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a shagon nan ba. "Baba! Uku jabu ne! Kar ka buga!"

Mai gyaran agogo ya leƙo. Wata mata da ke wucewa ta tsaya a ƙofa. Kowa ya ji, sai mutum ɗaya. Baba ya ɗaga hatimi, ya gyara zaman takarda, sannan ya lura ba wanda ke kallonsa, duk idanu sun wuce ta kafaɗarsa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba. Ya juyo a hankali, ya gan ni, ya ce, "Mene ne? Kin yi magana?"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Dillali ne ya fara farfaɗowa. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Au! Ashe Mai Kunnen ma ba ya ji? To ai shi ke nan." Sai ya tuna cewa kurman nan ne ya gama wanke masa kaya yanzu, ya haɗiye dariyar, ya ce, "Amma dai ya riga ya ce na ƙwarai ne, kowa shaida ne. Ranka ya daɗe, za mu bar maganar dattijo mu kama ta mai shara?"

Wannan kalmar ce ta fito da ni. Na ture ƙarfen Auta, waya ta yi gefe, na ɗauko sikeli da gilashi na dire a kanta. Na auna ta uku da ta bakwai a gaban alƙali, na buɗe littafi na nuna masa nauyin da ya kamata. Na ba shi gilashi ya ga ramukan nan biyu a ƙarƙashin haɓa. Sannan na karkata amaryar a fitilar Auta, wadda a ranar ta yi amfani karo na farko, na ce ya dubi cikin takwas ɗin. Ya daɗe yana dubawa. Ya ajiye gilashin, ya kalli dillali irin kallon da na tabbata ya tura mutane da yawa gidan yari da shi. Dillali ya ce wallahi shi ma cutarsa aka yi, yanzun nan zai je ya shaƙo wanda ya sayar masa. Ya tattara kayansa da sauri har ya bar ƙamshin turarensa a baya yana yi mana gadi.

Alƙali ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya sunkuya daidai fuskar Baba. Ya buɗe baki sosai, yana rarraba kalmomi kamar mai magana da ƙaramin yaro, ya ce, "Ma-lam, ka yi ƙo-ƙa-ri. Ka ko-ya wa ya-rin-ya ai-ki. Ka je ka hu-ta." Baba ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ni ko kallona alƙalin bai sake yi ba. Ban san wanne ya fi ƙona min rai ba, yadda ya yi wa Baba magana ko yadda ni bai yi min ba.

Auta ya ɗauki wayarsa ya ga fuskarta ta tsage, ya ce na ɓata masa ranar da ya yi wata guda yana shiryawa, ya fice. Na rufe ƙofar shago, na zagayo gaban Baba, na durƙusa. Hawaye suna zuba na ce ya yafe min, ni na tona masa asiri, da na san haka da na fasa ƙarfen tun farko na zo gabansa. Na ce na san abin da kunnen nan yake a wurinsa, na san baƙin cikin wanda Allah ya ba abu ya karɓe.

Ya kalli bakina har na gama. Ya mai da hatimi aljihun kanta, ya ce, "Wa ya juya su?"

Karo na farko ke nan da maganar faranti ta fito daga bakinsa. Na ce Auta ne, saboda hoto.

Ya ja tsaki. "Sakarai. Laifina ne, da na gaya masa tun jiya." Ya gyara zama. "Ke kuma tashi, ki daina wannan koke-koken. Wane abu aka ba ni aka karɓe? Ke da hankalinki, kin taɓa ganin wanda ya ji shekara da kunne?"

Na ɗago na zuba masa ido.

Ya ce, "Dalma da azurfa dai kowa ma yana bambancewa in ya saurara, har mai sayar da gawayi. Sauran duk ba aikin kunne ba ne. Wa ya koya miki kifa su?"

Na ce, "Umma."

"To. Shekara ashirin da huɗu tana ɗakin nan kafin ta rasu ki karɓa. Ita ta iya, ni na iya zama. Mutane ba za su biya don su ga mace tana auna ƙarfe a sikeli ba, wannan ko a wurin mai tumatir suna gani. Amma a runtse ido a buɗe, sai su biya har da godiya. Da haka aka ciyar da ku."

Na tuna Umma da jajayen idanunta da yamma, muna cewa hayaƙin girki ne. Na tuna ranar rasuwarta, mutane suna yi wa Baba ta'aziyya suna cewa baiwar Allah ba ruwanta da harkar duniya, ko kuɗi ba ta iya ƙirgawa ba, shi kuma yana gyaɗa kai. Shekara shida ina tafiya a kan yatsu ina jinyar wani abu da ba a taɓa haifa ba. Hawayena suka ƙafe ƙaf. Abin da ya maye gurbinsu ba shi da kyan faɗa game da mahaifi.

Shi kuwa har ya fara samun nutsuwa. Ya ce, "In kin duba ma, abin bai ɓaci ba. Sun ga na kurumce, ba su ga faranti ba. Za a ce tsoho ya yi aiki har kunnensa ya ƙare, ya miƙa wa ɗansa mai sabon kunne. Labari ne mai daɗi, zai ja mutane. Yau zan zaunar da shi in gaya masa komai. Ke dai ki ci gaba da kifa masa su yadda kika saba."

Na ce, "Ni kuma fa, Baba?"

Ya ce, "Ke me? Ɗakinki yana nan, ba wanda zai taɓa miki."

Washegari na zo a kan lokaci. Auta yana kan kujerar, da sabuwar hula, ya goge dutsen har yana ƙyalli. Da ya gan ni sai ya kashe min ido ɗaya, wai mun zama abokan sirri. Baba yana gefe a kan benci, matsayin mai ba da shawara. Ba a jima ba wata mata ta shigo, malamar makaranta ce da alli a hannun rigarta, ta kwance bakin hankici ta zuba sulalla huɗu da ta samu a kayan mahaifinta. Ta ce ba sayarwa za ta yi ba, so take ta san ko abin da ya yi ta ɓoyo shekara da shekaru na gaske ne.

Auta ya yi gyaran murya ya ce, "Bari a share musu ƙura."

Na shiga da su, na yi musu duk abin da na saba. Uku na ƙwarai, ɗaya jan ƙarfe ce da aka yi wa rufi. Sai na ɗora su ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar faranti, na miƙa wa Auta haka a tsaye. Na sa sikeli da gilashi a jakata, na fito ta gaban kanta, na zauna kusa da malamar.

Auta ya kalli farantin. Ya kalle ni. Ya ɗauki ta sama da yatsu biyu, ya sake ta a dutse, ya runtse ido, ya karkatar da kai yadda ya ga ana yi. Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa farantin ko wani abu ya canza. Ya sake bugawa. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin sabuwar hular.

Malamar ta ce, "Yaya dai? Ta ƙwarai ce?"

Ya ce, "E to, amon yana da ɗan... bari in sake ji."

Baba ya taso daga benci, ya ga yadda na jera su, ya juyo da ƙarfi. Da muryar nan tasa da yake zaton raɗa ce ya ce, "Ke, mene ne haka? Ya za a yi yaron ya gane?"

Malamar ta dubi Baba, ta dubi Auta da ke riƙe da ƙwandala kamar ta ƙona shi, sannan ta juyo gare ni. Ba wawiya ba ce, shekararta nawa tana kama masu satar amsa. Ta ce, "Baiwar Allah, ke kin san kan abin nan?"

Na juya yadda Baba zai ga bakina da kyau. Na ce, "Na sani. Ni nake dubawa. Kafin ni kuma mahaifiyata ce."

Ya karanta leɓɓana, na ga lokacin da ya karanta. Bai yi faɗa ba. Ya koma ya zauna a kan bencin, ya ɗora hannuwa a gwiwa, sai na ga ashe ƙaramin tsoho ne. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na ciro sikelin daga jaka na ɗora a kan kanta, na ce wa Auta ya ɗan matsa.